Wasan Yara, In Ji Su

A taron ƙungiyarmu na ƙarshen zangon karatu, bayan an gama maganar kuɗin wata-wata da ta ranar wasan kwaikwayo, na nemi izini in nuna wa jama'a waɗansu hotuna da na ɗauko a birnin Liyon na ƙasar Faransa a shekarar 2018, lokacin da aka tura mu ƙaro ilimi, mu malaman faransanci. Hotunan wani gidan nuni ne, inda ake ajiye ƙananan gine-gine na aikin hannu da kayan da aka yi finafinai da su. Ban kai rabinsu ba, wani dattijo daga cikinmu, mutum mai ilimi wanda nake ganin girmansa, ya gyara zaman gilashinsa ya ce: «Mushe, wannan ai wasan yara ne. Bature ya ƙoshi, ya rasa abin yi, ya gina wa ƙarya gida. Mu da aka kwashe wa kayan kakanni, da wannan za ka shagaltar da mu?» Aka yi dariya, taro ya watse. Ban tanka masa ba, domin ba a ja-in-ja da babba a bainar jama'a. Amma maganar ba tasa ce shi kaɗai ba. Na sha jin irinta a ɗakin malamai da wajen masu riƙe da sha'anin al'adu, kuma ina ganin tana yi mana ɓarnar da ba mu ƙididdige ba. Shi ya sa na kawo amsata nan, inda kowa zai iya mayar mini da martani.

Bari in fara da gidan kansa, tunda ba a yanke hukunci kan abin da ba a gani ba. Yana tsohon garin Liyon, unguwar da UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1998, a lamba 60 ta titin Saint-Jean, cikin wani gini na ƙarni na 16 da ake kira Maison des Avocats, wato gidan lauyoyi, mai barandu hawa-hawa masu bakan gizo. Lokacin da na je sunansa Musée Miniature et Cinéma. Wanda ya buɗe shi a 2005, Dan Ohlmann, ba farfesa ba ne, ba kuma attajiri ba. Kafinta ne mai sassaƙa kayan ɗaki, wanda ya bar manyan kujeru ya koma yin ƙanana.

Mafi yawan aikinsa a kan ma'aunin ɗaya bisa goma sha biyu yake. Ƙofa mai tsawon mita 2 takan koma abin da bai cika santimita 17 ba, kujera kuma ta zauna a tafin hannu. Za ka leƙa ta gilashi ka ga zauren cin abinci na Maxim's da ke Faris, da fitilunsa da madubansa da kofuna a kan tebura, aikin da ya ci masa fiye da shekara guda. Za ka ga zauren gidan tarihin halittu da ƙasusuwan manyan dabbobi a tsaye. Za ka ga cikin kurkukun Saint-Paul na Liyon, da ƙofofin ƙarfe a jere da hasken da ke saukowa daga sama kamar mai jin kunya. Babu mutum ko ɗaya a cikin waɗannan ɗakuna. Kamar yanzun nan aka fita, aka bar ƙofa a buɗe.

Abin da ya tsayar da ni ba ƙanƙantar ba ce. Dattin ne. Mutumin ya sa ƙura inda ƙura take taruwa, ya sa tsatsa a gindin famfo, ya ɓare fenti daidai inda kafaɗa take gogar bango, ya dusar da katakon matakala a tsakiya, inda ƙafa ta fi takawa. Kafin ya taɓa katako sai ya je wurin na gaske ya auna, ya ɗauki hotuna barkatai, ya lura da inda rana take shigowa. Kurkukun nan an rufe shi a 2009, an kuma mayar da harabarsa jami'a a 2015. Ɗaliban da ke zama a can yau, in suna son sanin yadda wurin yake sa'ad da ake kulle mutane a ciki, akwatin kafintan yana cikin shaidun da suka rage musu. To wannan ne wasan yara?

Ni malamin rubutu ne, shekara da shekaru ina ba da aiki guda a farkon kowane zango: ku siffanta ajinku. Amsar ba ta canzawa, ko da faransanci ko da hausa. Ajinmu babba ne, yana da kyau, yana da allo da tebura. Yaro ya yi wata tara a ɗaki bai san tagogi nawa ne ba, bai san wane gefen allon ne ya tsage ba. Ba laifinsa ba ne, mu muka koya masa cewa siffantawa ita ce jera kalmomin yabo. Mai ƙaramin gini ba shi da wannan mafaka. Ba zai iya cewa tagar tana da kyau ya wuce ba. Dole ya san faɗinta, da yawan sandunanta, da wadda ta lanƙwashe a cikinsu. Na tsaya gaban waɗannan akwatuna ina jin kunyar darasin da na yi shekaru ina bayarwa da baki kawai.

Sauran ɗakunan gidan na kayan sinima ne, kuma nan ne dattijona yake ganin ya kama ni. Akwai shagon mai turare da ɗakin aikinsa na fim ɗin Le Parfum na 2006, an sake kafa su da girmansu na gaske, da ɗaruruwan kwalabe a jere. Akwai uwar dodanni ta fim ɗin Alien vs. Predator na 2004, ƙatuwar halitta mai motsi da na'ura. Akwai fuskokin roba, da takubba marasa kaifi, da bindigogin da ba su taɓa harbi ba, da jiragen sama da motoci da gidaje ƙanana waɗanda a majigi suke cika ido. Ƙarya ce? Ƙwarai kuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Sai dai a tambayi inda ƙaryar take aiki. A fuskar majigi take aiki, cikin duhu, da kiɗa mai tayar da tsikar jiki. A wannan gida an kunna fitila, an farke cikinta, an nuna maka hanjinta. Dodon da ya hana yara barci, ga shi gabanka soso ne da waya da ƙarfe da fenti, ga inda aka ɗinke shi, ga kuma hoton masu aikin sun kewaye shi suna jan igiyoyi.

A irin wurin nan ne mutum yake fahimtar dabarar. Fadar shugaban Amurka da aka tarwatsa a fim ɗin Independence Day na 1996, ƙaramin gini ne, shi ma a kan ɗaya bisa goma sha biyu. Ƙaramin abu in ya fashe, a ƙiftawar ido yake watsewa, ido kuma ya gane ƙarami ne. Saboda haka sai a ɗauki fashewar da kamara mai gudu ninkin-ba-ninkin na yadda aka saba, sa'an nan a haska ta a kan hoto 24 a daƙiƙa. Sai wutar ta riƙa tashi a hankali, tarkace su riƙa faɗowa da nauyi, ƙwaƙwalwa ta ce wannan ƙaton gini ne. Lissafi ne da kimiyyar motsi, irin wanda abokan aikinmu suke fama da shi a allo yara suna hamma.

Yanzu a dubi ɗalibanmu. Kullum idonsu yana kan salula. Suna kallon finafinan Indiya da na Kano da na Amurka, suna kallon gajerun bidiyon da ake turawa ta WhatsApp, waɗanda yanzu na'ura take iya ƙirƙirarsu ɗungurungum, ta sa wa mutum maganar da bai faɗa ba. Na taɓa raba gardama a aji tsakanin samari biyu masu shirin jarrabawar ƙarshe, ɗaya yana rantsuwa cewa wani jarumin fim da gaske ya diro daga bene hawa goma, tunda ga shi an ɗauka. «Ga shi an ɗauka», wannan ita ce hujjar zamanin nan, kuma da ita ake tayar da husuma a gari. Wanda ya taɓa ganin wayar da ke cikin dodo, in aka nuna masa abin al'ajabi, tambayar farko da za ta zo masa ita ce: yaya aka yi wannan? In makaranta ba ta dasa wannan tambaya a kan yaro ba, ban san me muke karɓar albashi dominsa ba.

Sai batun ƙoshi. Dattijona yana zaton Turawa da son adana kaya aka haife su, don cikinsu a cike yake. Tarihin sinimarsu ya ƙaryata shi. Georges Méliès, wanda ya yi Le Voyage dans la Lune a 1902, uban duk waɗannan dabaru, talauci ya kayar da shi. A lokacin yaƙin duniya na farko an narkar da finafinansa masu yawa don a ciri azurfar da ke jikinsu, shi kuma a 1923, cikin baƙin ciki, ya cinna wa waɗanda suka rage a hannunsa wuta. Ya ƙare yana sayar da alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse. A Liyon ɗin kanta, inda ƴan uwan nan biyu Lumière suka ɗauki ma'aikatansu suna fitowa daga masana'anta a 1895, an rushe masana'antar, rumfa guda ce ta tsira. Sai da wani mai taurin kai, Henri Langlois, ya shiga tattara tsofaffin finafinan da ake zubarwa, ya kafa Cinémathèque française a 1936. Kayan aikin fim kuwa sun fi kowa shan wulaƙanci, domin don ƴan makonni ake yin su. Sosan robar da ake yin fuskoki da shi, shekaru kaɗan yake yi ya bushe, ya tsattsage, ya zama gari. Shi ya sa gidan na Liyon yake da ɗakin gyara, inda ake jinyar dodanni kamar marasa lafiya. Ba ƙoshi ya ceci waɗannan kaya ba. Mutane ƴan ƙalilan ne suka ƙi yarda a zuba su a bola, a lokacin da masu ilimin garinsu suke ce musu wasan yara suke yi.

Ba na ɓoye cewa mafi yawan kayan sinimar da ke gidan daga Holiwud suka zo, kuma ba duk finafinan ne zan so ɗalibaina su kalla ba. Ban ga komai na Afirka ba. Amma da na fito na zauna bakin kogin Saône, ba Faransawa na ji haushi ba. Mustafa Alasan na tuna.

Masu karatun wannan mujalla sun san sunan, ko da yake sanin suna daban, sanin aiki daban. An haife shi a 1942, ya fara da kanikanci, ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. Ya yi Aouré a 1962, La Mort de Gandji a 1965, sa'an nan Bon voyage Sim a 1966, inda ya zana kwaɗo shugaban ƙasa yana ziyarar aiki da faretin soja, ya yi wa sabbin masu mulkin Afirka ba'a tun ƴancin kai yana jariri. Ya yi Samba le grand a 1977 da ƴan tsana, ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi da sauran dabbobi suke kokowa a fage, da makaɗa da alƙali, kamar yadda muke yi a Tawa da Maraɗi. A tsaya a yi lissafin wannan aiki. Ƴar tsana ba ta motsi da kanta. Sai ka ɗaga hannunta kaɗan, ka ɗauki hoto, ka ƙara ɗagawa, ka sake ɗauka. Minti guda na fim hoto 1440 ne, in an yi rangwame aka riƙa ninka kowane hoto, 720. Wannan mutum ya zauna a Tawa shekaru masu yawa yana irin wannan haƙuri da abin da hannunsa ya samu, har ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Shi da kafintan Liyon sana'arsu guda. Bambancin, ɗaya an gina wa aikinsa gida tun yana raye.

Akwai ma fim ɗinsa wanda kayan wasa su ne jigonsa. A Le Retour d'un aventurier na 1966, wani saurayi ya komo gida daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Da sanya hula da ɗamara da bindiga, sai suka canza suna, suka canza hali, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa. Marigayiya Zalika Sule tana cikin ƴan wasan, da Jingare Maiga. Tun shekara 60 da suka wuce ɗan ƙasarmu ya faɗi abin da nake ta fama in faɗa, cewa kayan ƙarya suna da ƙarfi a kan wanda bai san ƙarya ba ne. Ina ma a ce akwai ɗakin da zan kai ɗalibaina su ga waɗannan huluna da idonsu, su ga kwaɗin Kokoa, su ga wayar da ke cikin ƙafarsu! Bana na tambayi ajina na ƙarshe, babu ko ɗaya da ya taɓa kallon fim ɗinsa. Alhali a 2017 babban gidan nunin fasahar zamani na birnin Niyok ya ware kwanaki yana haska ayyukansa. A 2024 an sanya sunansa ga cibiyar al'adun nan ta Yamai da a da take ɗauke da sunan Jean Rouch. Na yi murna, ya cancanta. Amma suna a bango ba ya hana gara cin ƴar tsana.

Nan ne nake so dattijona ya saurare ni da kyau. Ina tare da shi a kan kayan kakanni. Rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ya faɗi gaskiya, kuma ranar da kayan masarautar Abome guda 26 suka koma Benin a 2021, na ji daɗi kamar gidanmu aka kawo su. Sai dai mun mayar da wannan kuka bargo muna lulluɓe sakacinmu da shi. Wanda aka kwace da bindiga, mun san wanda za mu tuhuma. Wanda aka yi bayan 1960 fa? Kayan da Umaru Ganda ya yi Le Wazzou polygame da su, fim ɗin da ya ci kyautar Étalon de Yennenga ta farko a FESPACO a 1972? Rigunan wasa da gemun auduga da rawunan ƴan wasan kwaikwayon Damagaram na su Yazi Dogo? Zanen bangon dandali da ƙungiyoyin samariya suka riƙa yi don bukukuwan matasa? Babu sojan mulkin mallakar da ya zo ya ɗauke su. In sun salwanta, a hannunmu suka salwanta, don mun yanke cewa al'ada ita ce tsohon abu na sarki kawai, tambari da sulke da takobi, abin da talaka ya haɗa jiya da kwali da waya kuwa shara ne. Wannan ra'ayi, in an bi sawunsa, daga masu tattara kayan mulkin mallaka muka gaje shi, su da ba su neman komai a wurinmu sai tsoho. Kuma ƙasarmu ba ta jiran mai jinkiri. Zafi yana narkar da roba, ƙura tana cin fenti, damina tana shiga ɗaki. Ko taskar finafinan Afirka ta Wagadugu, wadda aka gina musamman don adanawa, ambaliyar ranar 1 ga Satumba 2009 ta shige ta ta lalata kaya.

Wani zai kawo batun addini, ya ce mutum-mutumi ne. Ba ni da matsayin ba da fatawa, malamai suna nan. Abin da zan tunatar kawai, littattafan hadisi sun kawo cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da ƴan tsanar wasa, ba a kuma hana ta ba. Ɗakunan Ohlmann kuwa, na riga na faɗa, ko inuwar mai rai babu a cikinsu.

Zan ƙare da laifina, don kada a ce na tsaya a tudu ina jifa. A shekarun farkon aikina na ƙwace wata motar waya daga hannun wani yaro a aji. Babbar mota ce irin ta ɗaukar albasa, da tayoyin da aka yanko daga tsohon silifa, da sitiyari mai juya tayoyin gaba da gaske, har da ɗan tsani a gefe inda yaran mota suke maƙalewa. Na taka ta a gaban aji don ta zama darasi. Yaron ya lura da babbar mota fiye da yadda na taɓa lura da komai, ya rage ta bisa ƙiyasi ba tare da an koya masa ba, ni kuma na ba shi sifili a ladabi. Sai a Liyon, gaban gilashi, bayan na biya kuɗin shiga, na gane abin da na taka.

Ba ma'aikatar minista nake roƙo ba, ba kuma ginin bene ba. Kowace ƙungiya tana iya samun kabad mai gilashi da rajista guda. In an gama wasa, kada a watsar da kayan: a rubuta sunan wasan, da shekara, da wanda ya haɗa, da abin da aka haɗa da shi. Ƙungiyoyin Tawa kuma, da ladabi, su je su gaida iyalan Mustafa Alasan, su ji abin da suke so a yi da gadon mahaifinsu da irin taimakon da za a iya ba su.

Ni dai na canza aikin farkon zango. Bana ban ce su siffanta aji da alƙalami ba sai da suka gina shi da kwali da kara da waya, a kan ɗaya bisa goma don lissafin ya yi sauƙi. Zan kawo akwatin taro mai zuwa, in ajiye shi gaban dattijona, in roƙe shi ya nemo kuskure. Sun yi mako guda suna gardama a kan rufin. Ƙarshe suka rufe ƙofa da tagogi da tsakar rana, suka ƙirga ɗigon hasken da ke sauka a ƙasa. Huda 23 ce a kwanon ajinmu, kuma sun huda na akwatin da allura, kowace a inda take.